Kyanwar Madam a Ɗakin Mai Kitso

Ni mace ce mai yawan wasiwasi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In na kulle ƙofa na kama hanya, sai na dawo na ja kwaɗon sau biyu. In ina alwala aka yi mini magana, sai na koma tun daga wankin hannu. Maigidana yakan ce da damuwa tumatir ce, da ni ke sauke tirela a kasuwar Mile 12.

A unguwar Agege ta Legas aka haife ni, a nan na yi firamare, a nan aka yi mini aure. Kitso nake yi a barandar gidan hayarmu, irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, ba nisa da titin jirgi. Maigidana mahauci ne, sallar asuba kawai yake jira ya wuce kwata.

Gwaggona ce ta koya mini kitso, kuma abin da ta fara koya mini shi ne gashin mutum amana ne. Duk wadda na tsefe wa kai na taje, sai na tattara abin da ya zubo, na murza shi a tafin hannu ya zama curi, na damƙa mata. 'Yan matan yanzu dariya suke yi su ce in zubar. Tsofaffi kuwa ba sa wasa da shi. Sun ce da gashi ake yi wa mutum sammu, ko tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, mai shi ya yi ta fama da ciwon kai. Ni ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. Na dai san ba a taɓa cewa gashin wata ya ɓata a hannuna ba.

Autanmu gadi yake yi a wani babban gida a Ikeja. Shekara shida yana bakin get ɗin nan, da shi yake ci da matarsa da 'ya'ya huɗu. Wata Asabar da hantsi ina tsakiyar yi wa wata kitson shuku, sai ga shi ya sauko daga keke mai ƙafa uku, rungume da wani kwandon roba mai ƙofar ƙarfe.

"Yaya, na kawo miki baƙuwa."

Na leƙa. Wani abu na gani kamar an farke matashin kai an tara audugar, launinsa tsakanin fari da toka. Can ciki idanu biyu masu ruwan zuma suna kallona, ga hanci a lotse kamar ta yi karo da bango.

"Wannan fa?"

"Kyanwar Madam ce."

Ya yi mini bayani a tsaye. Madam, matar ogansa, ta tafi ƙasar waje jegon 'yarta, sai bayan wata biyu. 'Yar aikin da aka bar wa kyanwar ta haɗa kayanta ta gudu bayan sati ɗaya. Oga ba ya ko son ganin kyanwar, ga masu fenti sun cika gidan, shi kuma ɗakin gadinsa bai fi kwalin ashana ba. Shi ne ya kira Madam ya ce yana da yaya mai tsafta a Agege, ta amince.

"Haka kawai ta amince?"

Ya sosa ƙeya. "Ta dai ce in ta dawo ta tarar wani abu ya sami kyanwar, kada ta same ni a bakin get."

"Shi ne ka rasa inda za ka kai wutar sai ɗakina?"

"Yaya, duk Legas wa ya kai ki kula da abu? Ke da ko allura aka ba ki ajiya ba kya barci."

"To ai barcin nawa ka zo ɗauka."

Ya ajiye mini buhun abincinta, da kwanuka biyu, da wani faffaɗan baho na yashi inda take bayan gida. A cikin ledar kayan akwai wani buroshi mai siraran haƙoran waya, wanda shi da ni ba mu san aikinsa ba. Da maigidana ya dawo ya juya shi ya juya, ya ce wannan ai na kaɗe hula ne, ya rataye shi kusa da hulunansa.

Ita kuwa baƙuwar, ya daɗe yana kallonta.

"Kyanwa ce wannan ko abin goge ɗaki?"

"Malam, kada ka sa mata ido. Aikin ƙanena ne a cikin gashin nan."

"Tana kama ɓera?"

Kwana biyu bayan nan ɓera ya wuce ta gabanta a tsakar ɗaki, ta ɗauke kai kamar ba ta san shi ba. Maigidana ya ce to, ashe 'yar boko ce.

Abincin da aka kawo mata wasu busassun ƙwayoyi ne kamar cincin, masu ƙarnin tsohon kifi. Raina bai kwanta da shi ba. A ce baƙuwa ta sauka a gidan mahauci tana gurgurar busasshen abu, ai abin kunya ne. Sai na ce wa maigidana ya riƙa taho mata da hanta. Kullum hanta, safe da yamma, tana ci tana lumshe ido. Ruwa kuwa na zuba mata a ɗan ƙaramin kofi, ban taɓa lura ko yana raguwa ba.

A gidan Madam cikin sanyin esi take kwana take tashi. Mu fanka ce da mu, ita ma sai in an kawo wuta. Don haka ta koma ƙarƙashin gado, tun safe har yamma tana lasar jikinta. Ni kuwa abin burge ni yake yi. Na ce ga dabba mai tsafta, da ma wasu mutanen gidan nan za su koya. Gashinta dai ya cika ko'ina, har kan sallaya. Na aiki maigidana wajen liman ya tambayo ko salla ta yi a kan gashin kyanwa. Liman ya ce ta yi, kyanwa mai tsarki ce. Na sake aikensa ya tambayo ko har da mai dogon gashi. A karo na uku liman ya ce a gaya mini amsar ba za ta canja ba.

Cikin masu zuwa mini kitso akwai wata Hajiya, tsohuwar dillaliyar atamfa, wadda kanta ya yi fari fat da furfura. Duk Alhamis biyu take zuwa, kuma ba wanda ya kai ta kiyaye gashi. Ina taje mata tana bin ƙasa da ido, in na gama ta karɓi curinta ta ƙulle a hankici. A wata Alhamis ɗin, sati na biyu da zuwan baƙuwa, kyanwar ta fito baranda karo na farko, ta zo ta kwanta a gefen tabarma tana shinshine-shinshine.

"Ke 'yar nan, kore mini wannan abar."

Na kore ta, na gama kitso, na ba Hajiya curinta ta tafi.

Washegari da safe ina shara na ji wani irin kakari daga bayan ƙofa, kamar famfon da ruwa ke shirin ɗaukewa. Na leƙa na ga kyanwar ta miƙe wuya, cikinta yana motsi. Ta yi ta yi, sai ta amayo wani abu dogo kamar ɗan yatsa, ta juya ta koma ƙarƙashin gado abinta. Na ɗauko tsinken tsintsiya na tona. Gashi ne, a dunƙule, fari-fari.

Duk mai hankali zai kalli abin ya kalli kyanwar ya gane. Ni ban gane ba. Shekara ashirin ina murza gashi a tafin hannu, don haka abin da na gani curi ne irin nawa, kuma a duk Agege kai ɗaya na sani mai wannan launin. Na ce shi ke nan, kyanwa ta ci furfurar Hajiya, kuma a hannuna.

Na wanke wurin sau uku da sabulu. Na wanke curin ma, na shanya shi a inda ba mai gani, na naɗe a takarda na ɓoye a gwangwani saman kwaba. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana.

Daga nan na ɗauki mataki. In zan fara aiki sai na kulle kyanwar a ɗaki, na rufe taga ruf don kada iska ta shigar mata da gashin kowa. Ɗakin ya koma kamar tandar masa, ita kuwa lasar jiki ta ƙaru. Na kuma lura gashinta ya fara cuɗewa a hammata da bayan kunne da kwiɓi. Nan mai kitso ta tashi a cikina. Gashi in ya bushe ya cuɗe, me ake yi masa? Na ɗauko man kitsona mai kyau, wanda nake haɗawa da man shanu da ɗan turare, wanda ba kowa nake shafa wa ba, na mulke ta da shi tun daga wuya har jela. Ta fito kamar ɓeran da ya faɗa tukunyar mai. Ranar ba ta yi komai ba sai lasa.

Bayan kwana biyar ta sake amayo wani curin, ya fi na farko. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ɗauki gwangwanina na nufi gidan Hajiya. Na same ta a ɗaki tsakanin turamen atamfa tana cin goro.

"Lafiya, 'yar nan? Yau ba ranar kitso ba ce."

Na durƙusa na buɗe takardar. Na ce na ci amanarta ba da sani ba, kyanwa ta haɗiye mata gashi, ga shi na wanke na kawo, ta yafe mini.

Hajiya ta daina tauna goro. Ta sa tabarau ta karɓi curin, ta zaro sili ɗaya ta ɗaga shi saitin taga. Sai ta zame ɗankwali, ta tsige gashi ɗaya daga kanta, ta jera su a kan wata baƙar atamfa. Nata ya nannaɗe kamar zobe, ɗayan ya miƙe sambal.

"Shekara nawa kina taɓa kan nan?"

"Sun kai goma, Hajiya."

"To yaushe na yi gashin Indiyawa ban sani ba? Kuma in ina da mai yawan wannan, me ya sa kullum guda huɗu kike kama mini?"

"To na wane ne, Hajiya?"

"Je ki tambayi mai aman. Kuma ɗauke mini wannan ƙazantar daga kan kaya."

Da la'asar maigidana ya dawo, yana wanke hannu a bakin rariya na nuna masa. Kallo ɗaya ya yi masa.

"Wannan ai muna ciro irinsa a cikin maruƙa. In suna lasar jikinsu gashin yakan taru a tumbi ya dunƙule, wani har ya kai girman lemo. Nata ne. Kwana nawa kina ɓoyon wannan a ɗakin da nake kwana?"

"Malam, maruƙan suna mutuwa da shi?"

"Ni dai duk wanda na gani da shi, a yanke na gan shi."

Ya ce in gashi ne matsalar, ga wanzami nan a bakin masallaci, a kai ta ya yi mata ƙwal kowa ya huta. Na ce ranar da aka yi wa kyanwar Madam ƙwal, ranar ƙanena zai fara tallan ruwa a Oshodi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Washegari na ajiye mata hanta, ta shinshina ta juya. Ta yi kakari sau uku ba abin da ya fito. Na duba bahon yashi na tarar yadda na gyara shi jiya haka yake. Kwana na biyu ma haka, sai dai yanzu ko ƙarƙashin gado ba ta shiga, tana kwance a kan siminti kamar tsumma. Ana cikin haka ƙanena ya kira.

"Yaya, ya baƙuwarmu?"

"Tana nan."

"Tana nan lafiya, ko tana nan?"

Ban iya ƙarya ba, ko a waya. Na gaya masa. Ya ce ba shi da halin barin get, in yi abin da zan iya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi.

Maigidana ya tambayi likitan da ke duba nama a kwata. Shi ya ce aikinsa shanu ne, amma ya yi masa kwatancen wata likita mai ɗan asibitin karnuka da kyanwoyi ta wajen Ogba. Na sa kyanwar a kwandonta na tari keke, duk ramin da muka faɗa sai na ba ta haƙuri. Mai keken ya waiwayo ya tambaye ni ko jariri ne a ciki.

Likitar Bayarabiya ce, ba ta kai ni shekaru ba, da Yarbanci muka yi magana. Tana fito da kyanwar ta sunkuya ta shinshina.

"Wa ya shafa mata turare?"

"Man kitso ne, Likita. Mai kyau ne, ni na haɗa."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta daɗe tana lallatsa cikin kyanwar. Ta ce ba ta ji wani abu mai tauri da ya toshe hanji ba, amma jikinta ya bushe, ba ruwa. Ta sa mata ruwa ta allura a ƙarƙashin fatar wuya, ta ba ni wani magani mai kama da man goge baki, ta ce in riƙa lakata mata a ƙafar gaba ta lashe, zai sa gashin ya zame ya fita ta ƙasa. In har gobe da yamma ba ta yi bayan gida ba, in dawo da ita a ɗauki hoton ciki, don wataƙila sai an yi aiki.

Sai ta ɗauko injin aski. Ta ce inda gashin ya cuɗe da mai ya zama kamar tabarma, yana jan fata, mataji ba zai shiga ba. Ina tsaye ina kallo ta aske hammata biyu, da wani fili a kwiɓi mai faɗin tafin hannuna. Abin da na hana wanzami ke nan, ga shi an yi a gabana.

Tana aiki tana yi mini karatu. Ta buɗe bakin kyanwar ta nuna mini harshen, duk ƙananan ƙayoyi ne masu kallon maƙogwaro. Duk gashin da suka kama ba ya tofuwa, sai dai a haɗiye. Kaɗan yakan wuce ba matsala, amma mai dogon gashi in ta shiga zafi da baƙon wuri, zubar gashi da lasa duk ƙaruwa suke yi. Magani shi ne a riga harshenta cire mataccen gashin.

"Ba a haɗo ta da buroshi ba?"

Na kwatanta mata na hular maigidana. Ta ce shi ne.

Na roƙi biro na rubuta sauran a bayan katin asibiti da rubutuna na firamare. Taza kullum, ba mai. Hanta a daina, sai ɗan yanki sau ɗaya a sati. A koma abincinta, a riƙa jiƙa shi da ruwa. In za a ba ta kaza ko kifi a dafa zalla, a cire ƙashi da ƙaya, ba gishiri, ba albasa, ba yaji. Ƙaramin cokali na dafaffiyar kabewa a cikin abinci. Ruwa a faffaɗan kwano, wuri biyu ko uku. A buɗe taga. A shuka mata gero a gwangwani, in ya tsiro ta riƙa tsinka. Kowanne sai da na maimaita tambayarsa.

Sai likitar ta ce, "Wai sana'ar me kike yi?"

"Kitso."

Ta ajiye injin. "Kitso kike yi, kika zauna da wannan gashin sati uku ba ki sa masa mataji ba?"

Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Washegari na sallami masu kitso biyu, na jawo kujera na zauna kusa da bahon yashi kamar mai jiran naƙuda. Azahar ta yi, shiru. Na yi salla ina sallamewa ina waiwaye. Can wajen ƙarfe uku ta tashi da ƙyar, ta shiga bahon ta juya mini baya. Ban taɓa zaton akwai ranar da kashin kyanwa zai faranta mini rai ba. Na tona na ga gashi a ciki, na kira ƙanena.

"Ta yi."

"Ta yi me, Yaya?"

"Abin da ake jira."

Na ji ya sauke ajiyar zuciya yana hamdala. Maigidana ya ce ko a kira mata su yi guɗa.

Daga nan aiki ya dawo hannun masu shi. Na sauko da buroshin daga cikin huluna, na wanke shi, na ware mata sabon mataji mai manyan haƙora. Ranar farko ta yakushe ni a hannu biyu. Sai na tuna yadda ake yi wa yarinya mai tsoron tsifa. Ba a farawa daga tushe. Ƙarshen gashin ake fara warwarewa, a riƙe tushen da yatsu don kada ya ja fata. Na gano tana son kumatu da ƙasan haɓa, don haka daga nan nake farawa, in bi wuya, in bi baya, ciki ne ƙarshe. Da na ga jelarta ta fara dukan tabarma sai in tsaya, ko ban gama ba, a ƙarasa da yamma. Kafin sati ta koma in ta ga mataji ita ke zuwa ta kwanta a cinyata.

Kullum sai na cire gashi cike da hannu. Hannuna da ya saba sai ya murza shi ya yi curi, in rasa wanda zan miƙa wa. Ƙarshe dai bayan gidanmu nake kaiwa in binne. Masu kitson safe suka saba da jira, in sun yi ƙorafi in ce layi ne, baƙuwa ta riga su. Hatta Iya mai gidan da muke haya, wadda tun zuwan kyanwar take ratsewa ta ɗaya gefen baranda tana addu'a, sai ga ta tana tsayawa kallo, har tana cewa ban taje bayan kunne ba.

Kabewa ta ƙi ci da farko, sai da na cakuɗa da kifi. Geron ya tsiro cikin kwana biyar, ta riƙa zama gabansa tana tsinka kamar akuya. A sati biyar ɗin da suka rage sau ɗaya ta yi amai, shi ma ɗan mitsitsi. Na koma wajen likita da shi a takarda, ta ce wannan ba komai, jifa-jifa yakan faru, kuma don Allah in daina kawo mata.

Saura inda aka aske. Gashin ya fito, amma gajere, kamar karan-miski a tsakiyar auduga. Ana gobe za a mayar da ita ƙanena ya zo ya duba.

"Yaya, wannan ai mai sauƙi ne. Ki kwantar da na sama ya rufe wurin. Mata nawa kika rufe wa sanƙo?"

"Zan iya."

"To ki rufe, kuma kada ki ce komai."

"Wannan ne ba zan iya ba."

"Aikina ne fa, Yaya, ba naki ba. In aka kore ni, gaskiyarki za mu dafa mu ci?"

Maganarsa ta yi mini nauyi, don gaskiya ya faɗa. Na ce masa matar da ke rungumar kyanwar nan kullum, kwana nawa za ta yi ba ta gani ba? In ta gani da kanta, ni ina Agege, shi ne a bakin get. Bai yarda ba, bai kuma hana ni binsa ba. Washegari muka hau danfo ɗaya, wato bas ɗin haya, kwandon a cinyata, har Ikeja fuskarsa tana wajen taga.

Na zaci zan ga wata ƙatuwar mace mai gwala-gwalai. Sai ga 'yar gajeruwar dattijuwa da silifas, gajiyar tafiya duk a fuskarta. Ta ciro kyanwar ta tusa fuska a gashinta tana yi mata magana da Turanci. Ta zura yatsu tun daga wuya har jela, ba inda suka maƙale. Ta ce ba ta taɓa jin gashin da laushi haka ba. Ƙanena ya harare ni, irin hararar da ke cewa ga ƙofa nan a buɗe, mu fita.

Na ce, "Ma, akwai magana."

Na ɗaga gashin kwiɓin na nuna mata. Na faɗi komai da guntun Turancina, inda ya ƙare in ƙarasa da Yarbanci: hanta, da rufe taga, da man kitso, da kwana biyun da ba ta ci ba. Har zancen Hajiya ban rage ba. Madam ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa. Ina jin numfashin ƙanena a bayana.

"Tun da kika fara tazar, sau nawa ta yi amai?"

"Sau ɗaya, Ma."

"A sati biyar?" Ta girgiza kai. Ta ce a gidan nan kusan duk sati sai an kwashe, ita ta ɗauka haka irinsu suke. Ashe 'yar aikin saman gashin kawai take shafawa. Sai ta juya ga ƙanena. "Kai ka san duk wannan?"

"Na sani, Ma."

"Da ba ta faɗa ba, za ka gaya mini?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ma, shi ya kawo ni har nan da ƙafarsa." Wannan ma gaskiya ce, iyakar wadda zan iya faɗa.

Madam ta kalle shi, ta kalle ni. "Koma bakin get ɗinka," in ji ta. Ya juya da sauri, ta dakatar da shi. Ta ce daga gobe, da zarar Oga ya fita ya rufe get, aikinsa na farko taje kyanwa, kuma yayarsa ba za ta tafi ba sai ta nuna masa.

A kan bencinsa na gadi muka zauna, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na ɗora masa ita a cinya, na sa masa matajin a wannan ƙaton hannun nasa. Ya kafa shi a tsakiyar bayanta kamar mai huɗa.

"Daga ƙarshe ake farawa. Riƙe tushen."

"Shekara shida ina gadi, yau a ce na koma kitso."

"Rage hannu. Ka ga jelarta?"

"Me jelar ta yi?"

"Ta fara duka. Saura biyu ta yakushe ka."

Ya ɗaga hannu sama ya tsaya cak, mataji a iska, yana jira jelar ta kwanta.